Ƙafar Zahra'u

Mairuwa,
20 ga Satumba, 2021

Yaya Alheri,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama Asibi da yara. Ya aiki, ya ruwa a wajenku? Mu nan mun gode Allah.

Wataƙila sai na yi bayani za ki gane ni. Ni ce Mero, jikar Tambai. Tambai ita ce ƙanwar kakarki da ta musulunta ta auri mutumin Sabuwa. Mun haɗu sau ɗaya a Ƙanƙara, bikin ƙanenki Daniel. Ni ce na riƙe maki jariri kina rabon abinci. Ina da lambarki, amma tun farkon watan nan aka ɗauke mamu sabis ɗin waya. Yahuza direba maƙwabcinmu ne, yana kai fasinja Zariya duk Talata da Juma'a, ya ce ya san asibitinku. Ta hannun matarshi na ba da takardar nan.

Mun baro ƙauyenmu tun watan Yuli. Ranar tara ga wata mutanen daji suka shigo da hantsi. Sun kashe Nasiru maigidana a gona. Gero ya yi kyau bana, ba wanda zai je ya yanke. Yanzu muna Mairuwa gidan yayanshi Gide, ni da Inna mahaifiyarsu da ɗiyata. Ina cikin takaba, ba na fita.

Maganar ɗiyar ce ta sa na rubuto. Sunanta Fatima Zahra'u, shekararta bakwai. Ranar da muke gudu ta faɗa kwazazzabo, ƙwaurinta na hagu ya karye har ƙashi ya huda fata. Maɗori ya ɗaure da kara. Ɗorin ya kama, tana iya dafa ƙasa, amma wurin bai rufe ba. Sama da wata biyu ke nan yana zubar da ruwa mai wari. Duk kwana uku mai kemis yana zuwa ya wanke mata. Mutum huɗu ke danne ta. Da tana ihu, yanzu ta daina, sai dai ta kafe ido a rufin ɗaki ta cije leɓe. Ranar Asabar ta huda leɓen.

Mai kemis ya ce abin ya fi ƙarfinshi, sai an buɗe an yi aiki. An ce mani aikinki shi ne sa mutane barci in za a yi masu tiyata. Ba warkewa nake tambaya ba, wannan na Allah ne. In an yanka ta, ta farka, wane irin zafi za ta ji? Na yi mata alkawari ba za a ƙara danne ta ba, kuma ban san yadda zan cika ba.

Mutane na zuwa gaisuwa suna kuka, ni ina miƙa masu ruwa. Inna ta ce idona ya bushe. Ban sani ba. Ina cin abin da aka ba ni, ina salla, ina wanke tsummokaran ƙafar.

Ki gaishe da Mama.

Ƙanwarki,
Mero

*

Zariya,
24 ga Satumba, 2021

Ƙanwata Mero,

Na ga takardarki, kuma na gane ki tun daga layin farko. Muna lafiya. Mama na wajena tun bara, mu ma gidanmu na Ƙanƙara a rufe yake. Da na karanta mata, ta ce a gaishe da jinin Tambai. Allah ya ji ƙan Nasiru, ya ba ki haƙuri. Ban ji labarin ba sai yanzu.

Na nuna takardar ga likitan ƙashi. Ya ce ba zai yanke magana ba sai ya ga yarinyar, ya ga hoton ƙafar, amma yana zaton wani yanki na ƙashin ya lalace a ciki, shi ke hana wurin rufewa. In haka ne sai an cire shi. Ya ce kada a jinkirta.

Ga amsar tambayarki. Ni nas ce a ɓangaren barci, ina aiki ƙarƙashin wata likita, Dakta Mansura. Da farko za mu sa ma Zahra'u abin shaƙa a hanci ta yi barci, ba za ta san an taɓa ta ba. Tana cikin barcin za mu juya ta gefe, Dakta ta yi mata wata 'yar allura a can ƙasan baya, daidai inda ƙashin baya ya ƙare. Maganin zai kwanta a kan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa kai, ya rufe masu hanya. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ƙafafun biyu za su mutu. Ko ta farka ba za ta ji inda aka yanka ba. Bayan awa shida ko takwas maganin zai sake ta a hankali, kafin nan mun riga mun fara ba ta na sha, don kada zafin ya faɗo mata lokaci ɗaya.

Ba zan ce maki ba za ta ji komai ba har ta warke, wannan ƙarya ce. Za ta ji, amma ba irin wanda ta sani ba. Kuma ba wanda zai danne ta ina tsaye.

Ku biyo Yahuza ranar Talata. Akwai wurin kwana a gidana. Ki zo da katin rigakafinta in bai ɓace ba, in ya ɓace ba komai.

Yayarki,
Alheri

*

Mairuwa,
30 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Malama Alheri,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya da iyali. Mu ma lafiya lau.

Ni ne Gide, wan marigayi Nasiru, ni ne uban Zahra'u yanzu. Takardarki hannuna ta shigo, don mai takaba ba ta amsar saƙo a ƙofar gida. Na zauna ina karanta ma Inna. Da na kai inda kika ce za a soka mata allura a baya ƙafafun biyu su mutu, Inna ta tashi ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba. Ni ma nan na tsaya, ban ga amfanin ƙarasawa ba.

Malama, ƙafa ɗaya muka kawo maki kuka a kanta, kin ce biyu za su mutu. Yarinyar nan yanzu tana dafa bango ta kai kanta bayan gida. Akwai matar da aka yi ma allurar baya wajen haihuwa a unguwar nan, har yau tana kukan baya, ita kau babba ce. Zahra'u kaɗai Nasiru ya bari a duniya. Ba zan sa hannuna a mayar da ita mai jan gindi ba, in je in ce mashi mi?

Ban nuna ma Mero takardar ba, abin da ke kanta ya ishe ta. Za mu ci gaba da wanki da addu'a. Mun gode da kika kula, Allah shi saka.

Gide

*

Mairuwa,
18 ga Oktoba, 2021

Yaya Alheri,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Mama. Ruwa ya ɗauke a nan, an fara yankan masara.

Yaya Gide ya ce kin aiko da amsa, kin ce a yi haƙuri. Ban ga takardar ba. Na gode da kika amsa. Na san aiki ya yi maku yawa, kuma dangantakar da nisa. Na so in rubuto tun tuni, amma motar Yahuza ta yi sati biyu da wani abu a kwance, ba mai kuma ba kayan gyara. Gobe zai fita.

Tunda aikin ba zai yiwu ba, abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mani sunan maganin da zan ba ta kafin wanki, ko ya rage mata kaɗan. Wanda mai kemis ke ba ta ba ya yin komai.

Ta daina dafa ƙafar. Sati ɗaya ke nan jikinta na yin zafi da yamma, da safe ya sauka. Ranar Laraba wajen wanki wani abu ya fito daga ciwon, fari, kamar ɓawon gyaɗa. Mai kemis ya ce ƙashi ne. Na wanke shi na sa a kwalin ashana, ban san dalili ba.

Har yanzu ana danne ta. Ni ke riƙe kan. Jiya bayan an gama ta ce mani, "Umma, kin ce an daina." Na ce mata e, na ce.

Mero

*

Zariya,
19 ga Oktoba, 2021

Mero,

Gaisuwa. Muna lafiya. A tsaye nake rubutu, Yahuza na jira a ƙofar asibiti. Yau ya kawo mani takardu biyu tare, taki ta jiya da ta Malam Gide ta ƙarshen watan jiya. Sati uku ina duba hanya, na ɗauka ke kika fasa.

Ban ce a yi haƙuri ba. Cewa na yi ku zo. Na gaya ma Yahuza wannan takardar matarshi zai ba, ta sa maki a hannu. Ki karanta ta gaban Malam Gide da Inna, har ƙarshe, kada ki tsaya ko wani ya tashi.

Malam Gide, laifin nawa ne. Na rubuta cewa ƙafafu za su mutu, don haka muke faɗa kullum a wurin aiki har mun daina jin nauyin kalmar. Na manta gidan da za ta shiga. Abin da nake nufi shi ne irin mutuwar da ƙafarka ke yi in ka daɗe zaune a kanta wajen wa'azi, ka tashi ka ji kamar ba taka ba, can ta fara minjirya ta dawo. Haka wannan take, sai dai tana kai awa shida ko takwas. Wannan yana rubuce a waccan takardar, layi biyu ƙasa da inda ka tsaya.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe yara ana yi masu allurar nan. Ban taɓa ganin wanda ƙafarshi ba ta dawo ba. Ba zan ce ba ta da haɗari ba, duk allura na da nata. Shi ya sa ake auna nauyin yaro kafin a ɗebi magani, kuma ba mu barin gefenshi. In ka zo ka ji bayanin likita ranka bai kwanta ba, za a yi aikin ba tare da ita ba, akwai wasu magungunan, ko da yake ba su kai ta ba. Zaɓin naku ne. Amma kawo yarinyar ba zaɓi ba ne.

Mero, zafin jikin nan da ƙashin da ya fito ba abin jira ba ne. Ba zan rubuto sunan magani ba ban san nauyinta ba. Ku taho.

Alheri

*

Mairuwa,
25 ga Oktoba, 2021

Yaya Alheri,

Gaisuwa da fatan lafiya. Takardar ta iso hannuna. Ki yafe mani abin da na zata.

Na yi kwana biyu da ita a ƙarƙashin tabarma, Yaya Gide ya tafi Daudawa ɗaukar masara. Ranar da ya dawo, bayan la'asar, na kira shi da Inna tsakar gida. Ban taɓa kiran shi ba tunda na zo gidan. Na karanta tun daga kwanan wata har sunanki.

Ya ce, "Takarda ce, Mero. Ita ta rubuta waccan, ita ta rubuta wannan."

Na shiga na ɗauko Zahra'u na zaunar da ita kan turmi, na kwance tsumman. Bai taɓa ganin ciwon ba, ranar wanki fita yake. Inna ta rufe hanci da mayafi. Na buɗe kwalin ashana na juye mashi a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan daga jikinta?"

Na ce, "E."

Ya shiga ɗakinshi ya fito da takardarki ta farko, a ninke cikin littafin addu'a. Ya tsaya nan tsaye yana bin ta da yatsa har ƙasa. Da ya gama ya ce, "Ni zan ɗauke ta. Amma sai na ga likitar da idona kafin a soka mata komai." Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Ya tambayo Liman, ya ce lalura ce, mai takaba na iya bin ɗiyarta asibiti. Za mu taho ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Katin rigakafin da kika tambaya a takardar farko ya ƙone da ɗakinmu na ƙauye.

Mero

*

Mairuwa,
6 ga Disamba, 2021

Yaya Alheri,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama da yara. Mun iso lafiya tun ranar da muka baro ku. Zahra'u na shan maganinta a kan lokaci, wurin a bushe yake, jikin bai ƙara zafi ba. Ta iya sandar dogarawar da aka ba ta, har tana kai kanta zaure.

Kwana ashirin da biyar kina zuwa da kwanon abinci safe da yamma, ban ce maki komai ba in ban da sannu da na gode. Na ga kina kallona. Ba fushi ba ne. Bakina ne ba ya buɗewa, a takarda na fi iyawa. Bari in gaya maki abin da ba ki gani ba.

Kin san Dakta Mansura ta zaunar da Yaya Gide, ta nuna mashi wurin allurar a bayanshi da yatsa, ta amsa duk abin da ya tambaya, har ya sa hannu. Abin da ba ki sani ba, da kuka shige da ita ya tashi sau uku zai buga ƙofa ya ce ya fasa. Duk lokacin sai ya kai ƙofar ya dawo. Ni ina kan benci ina kallon wata mata tana goge ƙasa. Na san duk inda ta bi da inda ta tsallake.

Da kuka fito da ita kafin azahar, kin koma ciki wajen wani yaron. Ta farka ba ihu. Ta nemi ruwa. Can ta ce, "Umma, ina ƙafafuna?" Na ɗaga zanen na nuna mata. Ta kalle su ta ce, "To," ta koma barci. Kusan wata huɗu ban ga ta yi barci hannunta a sake ba.

Yaya Gide ya zauna a ƙarshen gadon ya kama babban yatsanta na dama, na lafiyayyar ƙafar. In ta buɗe ido sai ya matsa ya ce, "Kin ji?" Ta ce, "A'a, Baba Gide." Ya kalli agogon bango. Haka har azahar, haka har la'asar. A gefen gadon ya yi salla. Fuskarshi ta koma kamar toka. Sau ɗaya ya ce mani, "Awa nawa ta ce?" Na ce shida ko takwas. Ya ce, "An yi shida."

Wajen ƙarfe biyar ya matsa, ta janye ƙafar. Ta ce tururuwa na bin ta. Can ta ɓata fuska ta ce ta hagun na yi mata zafi, ta fara kuka, irin kukan yara na kullum, da hawaye da majina. Nas ta zo ta duba ta ƙara mata magani. Yaya Gide ya fita baranda ya juya ma mutane baya, yana kuka. Ni ban yi ba. Yunwa na ji, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na cinye tuwon da kika kawo har na suɗe kwanon.

Ranar wankin farko an ba ta magani tun kafin lokaci, nas ta ba ta audugar ta riƙe. Ta yi kuka. Ba wanda ya danne ta.

Likitan ƙashi ya ce ƙafar za ta gaza 'yar uwarta kamar faɗin yatsa, kuma wataƙila a sake shiga nan gaba. A mota Yaya Gide ya tambaye ni ko watan da aka ɓata ne ya jawo. Na ce ban sani ba. Takabata a asibiti ta ƙare, ban lura ba sai da ya tuna mani.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Zahra'u ta riƙe bayanin da kika yi mata, na hanyar da zafi ke bi daga ƙafa zuwa kai. Duk wanda ya zo dubiya sai ta koya mashi. Shekaranjiya ina yi mata kitso ta ce, "Umma, da aka harbi Babana ba wanda ya rufe mashi hanyar ko?" Na ce babu. Ta ce, "To duka ya ji ke nan?" Na ce zan tambayi Anti Alheri.

Ga yadda aka same shi. Harsashi ɗaya ne, a ƙirji ta dama. Fartanyarshi da jinin farko suna tsakiyar kunyoyin gonar. Shi kuma yana jingine da ɗorawar bakin gona. Yaya Gide ya auna, taku talatin ne. Ba kowa tare da shi. Sai bayan la'asar aka iya zuwa.

Ban taɓa tambayar kowa ba. Ke kin san aikin. Kada ki lallashe ni.

Ƙanwarki,
Mero

*

Zariya,
10 ga Disamba, 2021

Ƙanwata Mero,

Na ga takardarki. Muna lafiya, Mama na fama da gwiwa amma da sauƙi. Na ji daɗin labarin ƙafar. Kada a yanke maganin ko ta ce ta warke, kuma kada ruwa ya taɓa simintin da aka ɗaure ƙafar da shi. Ranar sha ɗaya ga Janairu likita ke son ganinta.

Ki gaya ma Malam Gide, watan bai taimaka ba, amma likita ya ce yawancin lalacewar ƙashin ta riga ta faru tun kafin takardarki ta farko. Rabon laifin da ya rage, ni da shi ne, kuma nawa ya fi.

Ni ma ga abin da ba ki gani ba. Da muka kwantar da ita ta dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta ce mani, "Su nawa za su danne ni?" Na ce ko ɗaya. Na ba ta abin shaƙar ta riƙe da hannunta. Ta riƙe har hannun ya saki. Yawancin yaran da muke yi ma aiki, in na haɗu da su a hanya ba na gane su. Bayansu na fi sani, inda nake riƙewa. Haka na saba, kuma shi ya sa nake iya tashi in zo kullum. Ranar dai na gama na shiga ɗakin wanke hannu na daɗe.

Na yi kwana biyu da tambayarki. Ban kasance wurin ba, ba zan rantse maki ba. Abin da na gani zan faɗa.

An kawo mamu masu harbi da yawa cikin shekarun nan, wasu daga wajenku. Waɗanda suka rayu nakan tambaye su, don aikina ne in san inda ke masu zafi. Wasu sun ce sun ji tun daga farko. Amma da yawa sun ce kamar an buge su da icce ne, sai ɗumi, ba su ma san harbi ba ne sai da suka ga jini. Jiki kan rufe hanyar da kanshi na ɗan lokaci in abin ya zo da ƙarfi. Bayan nan, in jini na fita da yawa, abin da ke zuwa ƙishirwa ce da sanyi da gajiya, sai barci. Irin wurin da kika faɗa, ba na zaton ya kai azahar. Na fi zaton bai daɗe ba.

Ya ji wani abu, Mero. Numfashi ya yi mashi wuya, wannan ba zan ɓoye maki ba. Amma ba na jin duka ya ji. Ki gaya ma Zahra'u haka, da bakina.

Taku talatin ɗin su na fi tsayawa a kai. Wanda zafi ya gama rufe ma ido, inda ya faɗi nan yake birgima, na gani ba sau ɗaya ba. Shi ya tashi, ya dubi gonarshi, ya san inda ɗorawa take, ya je ya zauna ya jingina. Rana ta yi, inuwa ya nema.

In kun zo ki kwana gidana, ba asibiti ba. Ba sai kin yi magana ba.

Yayarki,
Alheri